Kwaɗin Malam Gide

A garinmu ba a shuka sai kwaɗi sun yi kuka. Ba dokar hakimi ba ce, ba kuma a littafi take ba, haka muka taso muka tarar. Garin ƙarami ne, yana tsakanin Ketare da Kankara, ga dutse daga yamma, ga tafki daga gabas, gidajenmu kuma suna bakin tafkin. Da rani kwaɗin suna gindin dutsen, cikin yashi da ruɓaɓɓen ganye, sun binne kansu kamar matattu. Ruwan farko ba ya tada su, na biyu ma sau da yawa ba ya yi. Sai ranar da ruwa ya ratsa ƙasa sosai ya iske su inda suke, sannan su fito da almuru, su gangaro tafki su cika shi da hayaniya. Washegari kowa sai ya ɗauki sungumi. Wanda ya yi gaggawa ya shuka kafin nan, in rana ta ƙone masa tsiro ba mai zuwa yi masa jaje.

Sai ƙasa ta samu kuɗin mai, aka ce za a yi mana titi. Duk faɗin dajin nan, mutanen kamfanin ba su ga inda za su shimfiɗa kwaltarsu ba sai tsakanin dutse da tafki. Ba wanda ya tambaye mu, mu ma kuma, in za a faɗi gaskiya, da an tambaye mu tafi za mu yi. Samarinmu suka ajiye hauya suka shiga lebura, da aikin ya yi gaba suka bi shi. Aka bar mana titi baƙi wuluk mai sheƙi, da manyan motoci masu ɗauke da siminti suna wucewa ba tsayawa.

Daminar farko bayan an buɗe titin, ruwa ya yi sosai wata ranar Laraba, kwaɗi suka fito kamar yadda suka saba. Da safe ba ka iya ganin kwalta a wani wurin saboda gawarwakinsu, tayoyi sun shafe su sun manne da titi. Hankaki suka yi biki. Warin ya kwana biyu yana shigo mana ɗaki. Kukan da aka ji daga tafki a daren nan siriri ne, nan ɗaya can ɗaya, har tsofaffi suna gardama ko ya isa a shuka a kansa.

A nan ne Malam Gide ya shigo maganar. Ba wani malamin karatu ba ne, furfura ce ta ba shi sunan. Dogo ne siriri, mai tafiya kamar yana tsoron taka ƙasa, irin mutumin da in ƙuda ya faɗa masa a fura sai ya tsamo shi ya ajiye a rana ya bushe. Ga shi da taurin kai irin na masu sanyin magana, wanda ya fi na masu faɗa wuyar sha'ani. Ba wanda ya sa shi. Da aka sake ruwa sai kawai aka gan shi a bakin titi da kwandon matarsa, ya shimfiɗa ganye a ciki, yana tsintar kwaɗi yana zubawa, in ya cika ya duba hagu ya duba dama ya tsallaka ya juye su a bakin tafki. Direbobi suna danna masa oda. Wani ya leƙo da kai ya tambaye shi ko na miya ne, yaran motarsa suna ta ƙyaƙyata dariya.

Ranar Juma'a bayan an sallame ya miƙe a masallaci ya ce yana neman gayya. Aka ce gayyar me, gini ko huɗa? Ya ce ta kwaɗi. Har liman sai da ya rufe baki da hannun riga. Aka ce Allah ya ba da lada, kowa ya nemi takalminsa. Haka ya ƙare daminar shi kaɗai, in ya tsallakar da kwando ɗaya motoci sun take abin da ya fi kwando goma, yana gani.

Daminar ba ta ma ƙare yadda damina ke ƙarewa ba. Gero yana cikin fitar da kai ruwa ya ɗauke, aka shiga farin da har yau in an ambace shi tsofaffi sukan yi shiru. Rumbuna suka zama ɗakin ɓera. Aka ci tafasa, aka ci dusa, aka ci abin da a da ba a ba jaki.

Matar Malam Gide, Zulaihatu, gajeriya ce mai kaifin baki, ba ta da haƙurin mijinta ko kaɗan, kuma ba ta taɓa cewa tana da shi ba. A gonarsu ta gefen tafki an samu 'yan zangarniyoyi da suka nuna. Ta sussuke su da hannunta, ta zuba a ƙaramin tulu, ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta liƙe bakin da laka, ta tona rami ƙarƙashin gadonta ta binne. Ta ce wannan iri ne, wanda ya taɓa shi sai dai ya taɓa gawarta tukuna. Ɗansu Mani yana cikin waɗanda suka bi kamfani, yakan aiko da garin rogo in ya samu mai zuwa, da saƙon cewa su bar ƙauyen nan su taho. Ba su tafi ba.

A gidan akwai mahaifiyar Malam Gide, Inna Baraka, ta tsufa tukuf. Da yunwa ta yi nisa ta kwanta. Wata safiya ta kira surukarta ta ce ba ta son komai a duniya sai kunun gero, ko ludayi ɗaya ne. Ta san da tulun, a kan idonta aka liƙe shi. Zulaihatu ta tsuguna a bakin ƙofa ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, in na hwasa shi yau gobe ma sai na hwasa." Ta je ta dama kunun dusa ta tace shi sau biyu ta kawo. Tsohuwar ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye, ta juya fuskarta bango. Ba ta sake roƙo ba har ta rasu. Malam Gide bai taɓa yi wa matarsa maganar ba, don ya san gaskiyarta, amma abin yana nan tsakaninsu, kowa ya san ɗan'uwansa bai manta ba. Zulaihatu kuwa ta kan ce a ranta, ranar da geron nan ya cika rumbu, damin farko sadakar Inna ne. Da wannan take samun barci.

Da bazara ta shigo, zafi ya tsananta, Malam Gide ya fara rasa sukuni. Kullum da yamma yana bakin titi yana kai da kawo, yana kallon dutse yana kallon tafki. Zulaihatu ta ce masa mutane suna neman abin da za su sa a ciki shi yana tsaron kwalta, ko kamfani ya ɗauke shi gadi ne ba ta sani ba? Ya ce mata abin da ke damunsa. Hannu biyu gare shi, titin kuwa dogo ne, kwaɗin kuma ba layi suke bi ba, lokaci guda suke fitowa ta ko'ina. Bara motoci sun ci fiye da rabi. In aka sake irin ta bara, tafkin nan ya yi shiru ke nan har abada. Ta ce to ya je ya tare motocin da ƙirji. Ta ɗauka maganar ta wuce.

Ruwan farko ya zo gab da asuba, da iska da tsawa mai yawa, amma ruwan kansa bai taka kara ya karya ba. Sai dai akwai abin da titin ya canja wanda ba wanda ya lura da shi. A da ruwa kan nutse a filin da ke tsakanin dutse da tafki. Yanzu kwalta ba ta shan ruwa, duk abin da ya sauka a kanta sai ya bi lambatu ya ratsa kwalbati ya zube a tafki. Da gari ya waye tsakiyar tafkin ta taru har tana ƙyalli, kai ka ce an kwana ana ruwa.

Zulaihatu tana shara ta ga mijinta ya ɗauki kwando, ya kuma ɗauki hauya. Ta tambaye shi me hauya za ta yi a tsintar kwaɗi. Ya ce dabara ta faɗo masa. Maimakon ya jira su fito titi mota ta riga shi, zai je inda suke kwance ya tono su, ya kai su bakin tafki tun da rana ba mota da yawa. Can sai su shige cikin laka su ci gaba da barcinsu har lokacinsu ya yi. Fuskarsa har haske take yi yana faɗa, ya daɗe bai yi murna irin wannan ba. Ta ce Allah ya shirye shi, ta ci gaba da shararta.

Ya yini yana yi. Ya san wuraren, tun yana yaro yake kiwon awaki a gindin dutsen. Ya ɗaga duwatsu, ya tone yashi, ya zura hannu cikin saiwoyi. Duk sanda ya wuce ta ƙofar gida ta kan leƙa kwandon. Kwaɗin ba irin na bara ba ne masu tsalle suna neman ficewa. Waɗannan a bushe suke, sun rame, yashi ya manne musu a baya, idanunsu a lumshe, suna kwance kan juna kamar danƙararren rogo. Kafin la'asar sakaliya ya ce yana jin bai bar ko ɗaya ba. Ya yi alwala hannunsa duk ya farfashe, yana murmushi.

An idar da sallar isha'i ke nan, mutane ba su gama watsewa daga ƙofar masallaci ba, sai kwaɗo ɗaya ya fara kuka daga tafki. Wani ya amsa. Kafin a ce me, tafkin ya ɗauka gaba ɗaya, kuka mai kauri irin wanda ba a ji ba tun kafin titi. Maza suka tsaya cik. Daga wani gida aka rangaɗa guɗa. Akwai tsohon da ya zauna a ƙasa ya yi ta share hawaye da hula, don mutanen da suka ci dusa shekara guda ba abin da suke jira sai wannan.

Malam Gide ya shigo gida da sauri, ya tarar da matarsa tsaye a tsakar gida da ludayi a hannu.

Ya ce, "Kin ji su, Zulai?"

Ta ce, "Na ji su. Malam, kai ka kai su."

"Ni na kai su, amma ba ni na buɗe masu baki ba."

"Ka tono su suna kwana, ka jehwa su ruwa. Ko ni aka yi ma haka sai na yi kuka."

Ya ce ita dai ba ta raina abin gardama. Kwaɗo ya fi su sanin ƙasa, tun kakanni bai taɓa kuka a banza ba, in da lokaci bai yi ba da sun shige laka sun yi shiru. Ba wayo yake mata ba, har zuciyarsa haka ya yarda. Ya ce ta tono tulun, gobe da asuba za a fita.

Da gari ya fara wayewa ta zaga bayan gida ta soka yatsa a ƙasa. Gaɓar farko ta shiga da danshi, daga nan sai busasshiyar ƙasa mai ɗumi. Ta yafa mayafi ta nufi gidan maƙwabciyarta Suwaibatu, da niyyar ta faɗa mata komai. Suwaibatu mijinta ya rasu a cikin farin ya bar ta da 'ya'ya ƙanana, akuyarta ta ƙarshe ta kai kasuwar Kankara ta sayar ta sayo iri. Suka yi kiciɓis a ƙofa, Suwaibatu ta ɗauro ƙwarya a ka, 'ya'yan suna biye, tana dariya, dariyar da Zulaihatu ba ta gani a fuskarta ba tun rasuwar. Suwaibatu ta ce Yaya kin ji abin arziki jiya, Allah ya saka wa Malam, ashe mu ne mahaukatan da muke masa dariya.

Zulaihatu ta auna maganar a ranta. In ta faɗa, kafin hantsi gari ya ɗauka cewa mijinta ya tono kwaɗi ya ruɗi mutane, kuma daga bakin matarsa aka ji. In kuma ruwa ya dawo jibi fa, ta hana marayu shuka a banza? Abin da ta iya cewa kawai shi ne ƙasar kamar ba ta jiƙa sosai ba. Suwaibatu ta ce haba Yaya, kin fi kwaɗi sani ne? Ta wuce. Zulaihatu ta tsaya tana kallon ƙwaryar tana nisa.

Ta koma ta ja gado ta tono tulun. Da ta fasa lakar bakin, ƙanshin gero ya bugo ta. Ta sheƙe tokar ta zuba a ƙwarya.

Yadda ake shuka a wurinmu, namiji yana gaba da sungumi yana sara rami, mace tana biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Mai sara ba ya waiwaye, in ya waiwaya layi ya karkace. Malam Gide ya yi bisimilla ya fara, Zulaihatu tana bayansa. Layin farko ta jefa a kowane rami. A na biyu hannunta ya ɗebo iri ya kai bakin rami, sai ta kasa saki. Ta rufe ramin da diddige ba komai a ciki, ta zura abin da ke hannunta cikin haɓar zaninta. Daga nan haka ta riƙa yi, ta jefa a wannan, ta rufe wancan wayam. Yana gaba yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa, tana baya tana satar irin da ita ta hana kowa. Ko'ina ka duba a gonakin garin mutane ne a sunkuye. Kafin azahar duk irin da ya rage a garinmu ya shiga ƙasa, ban da ƙullin da ke ɗaure a ƙugun Zulaihatu.

Danshin ya isa ya fito da tsiro. Gonakin mutane suka yi layi-layi kore shar, gonar Malam Gide kuwa kamar bakin tsoho, nan akwai can babu. Ya tsaya a kan kunya ya daɗe yana kallo, sannan ya kalli matarsa. Ya ce da alama zabbin daji sun yi musu ɓarna. Ta ce mai yiwuwa.

Daga nan sama ta bushe. Kullum da yamma hadari kan taso daga gabas, ya yi baƙi, mutane su fito suna kallo, iska ta zo ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa, aka juya riguna, aka dawo. Tsiron ya fara naɗewa da rana yana warwarewa da safe, daga baya ya daina warwarewa. Ya yi fari, ya kwanta, iska ta share shi. Abin takaici ne ka ga babban mutum ya tsuguna a gona yana tona rami da yatsa ko zai ga ƙwayar da ba ta tsira ba.

Tafkin ma ya bi. Ruwan da kwalta ta tara ba shi da tushe, ya riƙa ja da baya yana barin igiyoyin ƙwan kwaɗi suna bushewa a kan laka. Kwaɗin suka taru a ɗan abin da ya rage, sun riga sun farka, ba ƙarfin komawa barci, dutse kuma yana can ƙetaren titi. Hankaki da shamuwa suka sauka a kansu. Malam Gide ya riƙa jawo ruwa daga rijiyar gari yana kaiwa yana zuba musu, har mata suka yi masa ca, suka ce ruwan da mutane ke jira ya taru shi zai kai wa kwaɗi. Ya koma yana kai musu ruwan alwalarsa yana taimama. Bai hana komai ba. Wata safiya ya je ya tarar lakar ta tsage, kwaɗin sun ƙandare a cikinta.

A ƙofar masallaci bayan la'asar mai unguwa yana cewa shi abin da ya ɗaure masa kai, tun da aka kafa garin nan kwaɗi ba su taɓa yin ƙarya ba, me ya same su bana? Ba wanda ya zargi kowa, kowa ya ɗauka daga bakin titi Malam Gide ya tsinto su kamar bara. Da ya yi shiru da shi ke nan. Amma ba irin mutumin ba ne. Ya ce, "Ba su yi ƙarya ba. Ba su suka zo ba, ni na tono su."

Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga masa hannu, da ma an yi da ya fi sauƙi. Mai unguwa ya ce Allah ya kyauta. Mutane suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar in ya yi sallama akan amsa a taƙaice, ba a tambayarsa gida, in ya shiga sahu na kusa da shi ya ɗan matsa.

Suwaibatu ta shigo da magariba ta iske Zulaihatu a bakin murhu. Ba ta zauna ba.

Ta ce, "Yaya, ranar nan da muka gamu a ƙohwa, kin sani?"

Zulaihatu ta ce, "Na sani."

"Kika bar ni na wuce."

Hannun Zulaihatu yana kan ƙugunta, daidai inda ƙullin yake, tana jin taurinsa. Ta san in ta kwance ta raba biyu Suwaibatu za ta iya zama. Ta san kuma rabin abin da ke nan ba zai ciyar da gida ko ɗaya ba. Abin da ta hana Inna Baraka tana kan gargara, yau ta ba wa wata? Hannun ya tsaya inda yake. Suwaibatu ta jira kaɗan, ta juya ta fita. Bayan kwana biyu aka gan ta a bakin titi da 'ya'yanta da tabarma da tukunya, wata motar siminti da ta sauke kaya ta kwashe su zuwa Funtuwa. Ba ita kaɗai ba ce. An ce za a kawo iri daga birni, mai unguwa ya yi ta zirga-zirga, ba mu ga komai ba, gidaje suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Titin da ya kawo mana wahalar shi ya sauƙaƙa tafiyar.

Malam Gide ya daina fita sai salla. Ya rataye kwandon a jikin rumbu, ya kan zauna a ƙarƙashinsa da carbi, ba ya ja, yana riƙe da shi kawai. Zulaihatu da ba ta gajiya da faɗa ta nemi faɗan ta rasa. Tausayinsa take ji, haushinsa take ji, ga nata abin da ke cin ta.

Ruwan ya zo wata ranar da an riga an fid da rai. Tun azahar ya kece, ya yi ta zuba har la'asar ta wuce, ya cika lambatu, ya rusa dangar wani gida da ba kowa a ciki. Da ya tsagaita ƙasa tana ta ƙanshi, tafki ya cika har bakinsa. A shekarun baya irin wannan yammacin ne yara ke tsalle, mata ke fito da ƙwaryar iri. Yau ba wanda ya fito, ba mai abin shukawa.

Zulaihatu ta kalli mijinta, bai motsa ba. Ta sauke kwandon daga jikin rumbu ta fita, ita da ta fi kowa yi masa ba'a a kan kwandon nan. Ba tausayin kwaɗi ya fitar da ita ba. So take ta ga ko guda ɗaya ya taho da ƙafarsa, ba wanda ya tono shi, don ta san ruwan nan na gaske ne. Ta soka hannu a ƙasa, danshi har wuyan hannu, amma shekarar fari ma haka ƙasa ta jiƙa kafin ruwa ya ɗauke, kuma ita ba a koya mata wata alama ba sai guda.

Ta tsallaka titi ta tsaya ta ɓangaren dutse. Ta bi gefen kwalta ta yi kudu, ta dawo ta yi arewa, tana sunkuyawa tana duba cikin ciyawa da lambatu. Motoci suna wucewa suna fantsama mata ruwa, wasu har sun kunna fitila. Aka kira magariba tana nan. Babu abin da ya fito daga gindin dutsen, sai ramukan da hauya ta bari sun cika da ruwa. Titin fes yake, wankakke, ba ko gawa ɗaya a kansa. Malam Gide ya ce zai hana mota taka kwaɗo a garin nan, ya kuwa hana.

Ta dawo gida da kwandon wayam ta ajiye. Yana zaune a ƙofar ɗaki kan buzu. Ta tsuguna a gabansa, ta kwance haɓar zaninta, ta warware ƙullin a kan faifai. Geron ya zubo da sauran tokarsa, bai fi abin da za a dama kunu a sha sau biyu ba. Ya kalle shi ya daɗe. Bai tambaye ta daga ina ba, ya sa yatsa ya taɓa ƙwayoyin.

Ya ce, "Zabbin daji."

Ta ce, "Shi ne wanda Inna ta roƙa. Shi ne wanda na hana Suwaiba. Iyakarshi ke nan, babu wani." Ta ɗago ta dube shi. "Malam, gobe in shuka?"

Ya juya kansa wajen tafki. Ita ma ta juya. Ruwa yana ɗiga daga bakin rumbu, can nesa wata mota tana hawo tudu tana gunji. Suka jira ta zo ta wuce, ƙararta ta yi nisa ta ɓace. Suka ƙara jira.

Ya ce, "Ban sani ba, Zulai."

Ta tattara geron a hankali, har ƙwayoyin da suka maƙale a saƙar faifan sai da ta tsince, ta mai da shi haɓar zani ta ɗaure. Ba ta tashi ta hura wuta ba. Ta zauna a gefensa a kan buzun, suna fuskantar tafki.